Tarihin Unguwa Ma Tarihi Ne

Duk ɗan makarantar da ya tashi a birnin Zariya, in ka ce ya ba ka tarihin Zazzau, nan take zai shiga jero maka sarakuna. Zai kawo Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, ya zo kan Makau da ya bar gari ya nufi Zuba zamanin jihadi, sa'an nan Malam Musa da gidajen sarauta huɗu, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Madalla. Amma tambaye shi wanda ya kafa unguwarsu, ko dalilin sunanta, sai ka ga ya yi zuru. Na sha gwada abokan karatuna 'yan cikin ganuwa da wannan tambaya, amsar dai ba ta wuce, "Haka muka tarar."

Abin da ya sa ni wannan tunani shi ne ɗan karatun da na yi a kan yadda mutanen Ingila suka adana tarihin ƙauyukansu. Tun a 1086 Sarki Wiliyam ya sa aka bi ƙasar gandu-gandu, aka rubuta mai kowane gandu da yawan garmunansa da talakawan da ke noma shi, domin a san harajin da za a aza. Wannan shi ne littafin da suke kira Domesday. A 1538 kuma aka umurci kowane cocin unguwa ya riƙa rubuta sunan wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Daga nan a 1899 suka ɗauki aikin rubuta tarihin ƙasar lardi-lardi, ƙauye-ƙauye, har yau kuwa ba su gama ba. Saboda haka jikan maƙeri a can yana iya bin sawun kakanninsa a takarda, kamar yadda jikan basarake zai yi.

To, 'yan'uwa, mu fa me muka rasa? Kafin Turawa su ci Zariya a 1902, hakimai a cikin birni suke zaune, kowa da garuruwan da yake riƙe da su, jakadu ne ke kai-kawo tsakaninsa da su. Daga baya ne aka fitar da su zuwa gundumomi. Ga sawun wancan tsari nan a sunayen unguwanni: Unguwar Iya, Unguwar Kaura, Magajiya, Unguwar Katuka, duk sunayen sarautu ne. Juma da Kona kuwa unguwannin malamai ne, har Limamin Juma da Limamin Kona suna cikin masu zaɓen sarki. Unguwar Nufawa, sunanta kaɗai ya faɗa maka inda mutanenta suka fito. Unguwar Babban Gwani tana ɗauke da laƙabin Muhammadu Durugu, maginin da ya gina masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu. Haka Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, kowace da hanyar da take fuskanta da fataken da suka bi ta cikinta. Ashe littafin yana nan, sai dai a bakin tsofaffi yake.

Nan ne fa abin tsoron. Kakata takan lissafa mini gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, ta ce nan masaƙa ne, can marina ce, wancan kangon kuwa makarantar allo ce da almajirai ke zuwa daga nesa. Yau marinar an cike ta, shaguna ne a kai. Ranar da tsohuwar nan ta kwanta dama, wa zai ƙara faɗin haka? Ganuwa ma kanta ana ta cin ta da gine-gine. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Babban Gwani ya rufta, aka yi hasarar rayuka, Allah ya jiƙansu. In ginin da kowa ke gani bai tsira ba, ina ga labarin da ke cikin kan mutum guda?

Ba na raina aikin magabata. M. G. Smith ya buga littafinsa kan mulkin Zazzau a 1960, malamanmu na Jami'ar Ahmadu Bello kuma sun tara rubuce-rubuce masu yawa, ga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun gwamnati a Kaduna. Sai dai yawancin wannan aiki fada ya fuskanta. Tarihin masaƙi da marini da ungozoma yana nan yana jiran mai rubutawa.

Shawarata ga 'yan wannan ƙungiya ita ce, kowa zai rubuta kundi kafin ya fita. Me zai hana kowannenmu ya ɗauki unguwa guda? A fara da mai unguwa da liman, a durƙusa a gai da dattawa, a shiga cikin gida wurin tsofaffin mata, a nemi izinin duba takardun gado da wasiƙun ajami da ke cikin adaka. A rubuta sunan mai ba da labari da ranar da ya bayar, in ruwayoyi sun saɓa a kawo su duka. Malamanmu kuma su daure su karɓi irin wannan a matsayin bincike, su ajiye shi inda na baya za su same shi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tarar da ita a cikin tulu. Allah ya sa mu dace, amin.