Harshen Damo da Harshen Na'ura

Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, Suk al-Arabi ita ce cibiyar birnin Hartum. Kasuwa ce da ta kewaye Babban Masallaci, ga masu zinariya, ga masu canji, ga rumfunan sayar da waya da gyaranta. Hausa tana cikin harsunan da kunne kan tsinta a wurin, kamar yadda ake jin ta a kasuwar Omdurman da ke tsallaken Nilu. Masu ita jikokin mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya fitar da littafi a 1999 kan yadda Larabci yake rina Hausar tasu.

Bahaushen da ya tashi a can da Larabci ya yi karatu, saboda haka in zai aika saƙon Hausa ta waya, baƙaƙen Larabci ne a ƙarƙashin yatsansa. Babu ɓ, babu ɗ, kuma da wuya ya tsaya sa wasula. Duk da haka ɗan'uwansa yakan karanta ya gane, domin ya san maganar da ake ciki. Rubutun boko ma bai tsira ba: ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "gari" na mutane da "gari" na tuwo suke fitowa da kama ɗaya. Wannan shi ne abin da manazarta suke kira harshen damo. Mutum yakan cike giɓin da hankalinsa. Wayar da ke hannunsa kuwa ba ta iyawa, domin manhajar da ke cikinta an rubuta ta ne da harshen da aka ƙera musamman don kada jumla ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu.

Ƙera irin waɗannan harsuna fage ne na bincike mai zaman kansa a jami'o'i, kuma ɗalibin Hausa ya fi kusa da shi fiye da yadda yake zato. Duk wanda ya yi darasin ginin jumla ya rubuta cewa jumla tana rabuwa zuwa yankin suna da yankin aiki, ya kuma zana bishiyar li'irabi. Wannan salo ya bunƙasa ne daga aikin Noam Chomsky, wanda a 1956 ya kasa nahawu zuwa matakai gwargwadon ƙarfin dokokinsa. A 1959 John Backus ya fito da hanyar rubuta dokokin harshen kwamfuta mai kama da wannan, Peter Naur ya gyara ta wajen bayyana harshen ALGOL a 1960. Har yau manhajar da ke fassara wa na'ura umarni aikin ɗalibin nahawu take yi: ta yanka rubutu kalma-kalma, ta gina bishiya, sannan ta nemi ma'ana. Bambancin kawai, ɗalibi in ya samu bishiya biyu a jumla ɗaya ya samu abin tattaunawa a aji. Injiniya in ya samu biyu, harshensa ne bai kammalu ba.

A dubi wannan umarni na mai shago ga yaronsa: "Idan Audu ya zo, idan yana da kuɗi, ka ba shi wayar, in ba haka ba, ka kira ni." Yaushe yaron zai kira? In Audu bai zo ba, ko in ya zo hannu rabbana? Wane "idan" ne ya mallaki "in ba haka ba"? Yaron da ya san halin maigidansa ba zai ruɗe ba. Amma wannan tambaya ita ce ta daɗe tana cin tuwo a ƙwaryar masu ƙera harsuna. Harshen C ya yanke hukunci cewa na kusa ne ya mallake shi. ALGOL na 1968 ya wajabta rufe kowane sharaɗi da kalma ta musamman. Python kuwa ya dogara da yadda aka tura layi ciki.

Saboda haka masu ɗokin ganin harshen kwamfuta na Hausa, waɗanda suke ɗauka fassara kalmomin umarni ne aikin, da sauƙin suka fara. Hausa ba ta rasa "idan" da "muddin" da "har sai" ba. Wahalar tana ƙasa da nan, a wurin baƙi. Ramsey Nasser ya gwada abin da Larabci a 2012, da harshensa mai suna Qalb, ya tarar kayan aikin da ake rubuta manhaja da su sun ginu ne kan baƙaƙen Ingilishi, suna tuntuɓe da rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu. Ajami yana da nasa ƙarin. A rubutun Warshu na allon Kano, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama. A rubutun jaridun Hartum, mai ɗigo ɗaya a sama ita ce fa. Sai a 2016 tsarin Unicode, wanda ke ba kowane baƙi lambarsa, ya ware wa fa da ƙaf na Afirka lambobinsu.

Boko ya fi samun sauƙi, amma da saura. Baƙaƙe masu ƙugiya sun daɗe da samun lamba, kuma tun fitowar Python 3 a 2008 ana iya raɗa wa abu suna "ƙofa" ko "ɗalibi" a cikin manhaja ba tare da gardama ba. Inda gizo ke saƙa shi ne 'y. A Python alamar da ke gaban baƙin tana nufin an buɗe zance, don haka wanda ya rubuta 'yan_aji a matsayin suna, na'ura za ta zauna jiran inda zancen ya rufe, ta kuma ƙi aikin. Bahaushen Maraɗi ba ya gamuwa da wannan, domin ƙa'idar rubutun Nijar ƴ ta zaɓa, baƙi ɗaya cikakke. Unicode yana da wata alama mai kama da ta Nijeriya wadda ake lissafa ta cikin baƙaƙe, Python kuma yana karɓar ta, sai dai ba ita ce allon rubutu na yau da kullum yake bugawa ba, kuma da ido ba a cika bambance su ba.