Godiya ga likitan dabbobin da ya hana mu fiɗa

Likita, ranka ya daɗe, a madadin gidanmu nake miƙo wannan godiya.

Bijiminmu na huɗa ya ci harawarsa lafiya da yamma, da asuba muka tarar da shi a miƙe, ciki ya kumbura, baƙin jini na tsattsafowa ta hanci da dubura, kuma jinin ya ƙi daskarewa. Mushe ba ya ciwuwa, amma fata kuɗi ce, har an wasa wuƙa. Kana isowa ka ce kowa ya ja da baya, ciwon saifa kake zargi. Ka sa safar hannu, ka ɗan tsaga jijiyar kunne, ka shafa ɗigon jini a ɗan gilashi, sauran ka rufe a kwalba aka kai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ita ce ta tabbatar da ɓullar cutar a wata gona ta yankin Suleja a watan Yulin 2023.

Bayaninka na ranar yana nan a kunnena. Ka ce da zarar an buɗe cikin dabbar iska ta shiga, ƙwayar cutar kan yi wa kanta sulke ta kwanta a ƙasa shekaru gommai, duk saniyar da ta yi kiwo a wurin tana cikin haɗari. Da kanka ka tsaya, cikin rana, har aka haƙa rami mai zurfin kusan mita 2 aka binne.

Sannan ka tambayi wa ya taɓa jinin. Wannan tambaya ce ta ceci ƙanena, don kuwa ya taɓa. Da wani ƙurji mai ƙaiƙayi ya fito masa a damtse, ya yi ruwa, tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin, ga kumburi amma babu zafi, ba mu tsaya shafe-shafe ba. Malamar asibiti, Allah Ya yi mata albarka, ta ɗebi ruwan ƙurjin don gwaji kafin ta ɗora shi a kan magani. Ya warke sarai, sai tabo.

Sakamako ya dawo yadda ka zata, aka yi wa shanun unguwa allurar rigakafi, kuma ko sisin kwabo ba ka nema ba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya raya zuri'a. 'Yan'uwana masu kiwo, dabba in ta faɗi farat ɗaya tana zubar da jini, a kira likita kafin mahauci.