Faifan da Ya Ƙi Magana

A shekarar 1997, lokacin da nake tattara bayanai domin binciken digirina na biyu a kan karin harshen Zamfara, na zauna da mahaifiyata kwana uku ina naɗar muryarta a kaset. Ta yi mini tatsuniyoyi, ta rera waƙoƙin niƙa da na reno, ta kuma ba ni labarin yadda ake biki a zamanin ƙuruciyarsu. Kaset uku na cika, kowane mai minti 90. A wancan lokaci abin da ya dame ni shi ne nazarin kalmomi irin su “anka” da “munka” da “wanga”, ban kawo a raina cewa wata rana muryar ce za ta fi kalmomin daraja a wurina ba. Allah ya yi mata rasuwa a shekarar 2004.

Bayan shekara uku da rasuwarta, yayarta, wato Gwaggo, wadda tsufa ya riga ya kama, ta aiko mini da saƙo cewa tana so ta sake jin muryar ƙanwarta. Kasusuwan sun fara lalacewa, domin ɗaya har rikoda ta taɓa tauna shi. Saboda haka na yanke shawarar mayar da su kan faifan CD, in haɗa da tsofaffin hotunan gida, in kai mata da Babbar Sallah. Na haɗa rikoda da kwamfuta, na kwashe sautin, na mayar da shi MP3 domin duk ya shiga faifai guda. Na gwada a kwamfutata, ya yi magana raɗau. Na sa shi a jaka ina jin kaina gwani.

Ranar Sallah da daddare aka tayar da janareta, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mata da yara suka taru, aka kawo Gwaggo aka zaunar a gaba. Ƙanena ya sa faifan a na’urarsa ta VCD. Ta yi ta juyi tana ƙugi, can sai ta nuna rubutun Turanci cewa babu faifai a cikinta. Aka fitar, aka goge da gefen riga, aka mayar. Haka dai. Muka aika maƙwabta aka aro wata na’urar, ita ma ta ƙi. Gwaggo ta jima shiru, sannan ta ce, “Kai ɗan nan, ina muryar da anka ce za mu ji?” Ban sami amsar da zan ba ta ba. Na sha tsayawa gaban manyan malamai ina kare bincikena, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan dare ba.

Da na koma birni sai na nufi wani shago a kasuwa inda ake kwafar faya-fayai. Yaron shagon bai wuce shekara ashirin ba. Ya juya faifan ya duba, ya sa a kwamfutarsa, ya yi murmushi ya ce, “Malam, ai laifi uku ka yi wa faifan nan, kowane ɗaya ya isa ya hana shi tashi.” Na ja benci na zauna, na zama ɗalibi. Abin da ya koya mini a ranar, da wanda na karanta daga baya, shi ne nake so in bayyana a nan.

Laifi na farko shi ne irin faifan da na saya. Na’ura tana karanta faifai ne ta hanyar haska shi da hasken leza, ta kuma auna hasken da ya dawo mata. Faifan da aka buga a masana’anta yana mayar da haske sosai. Faifan CD-R, wanda ake ɗora masa abu sau ɗaya tak, yana kusa da shi a wannan fanni. Amma CD-RW, wanda ake iya gogewa a sake amfani da shi, hasken da yake mayarwa kaɗan ne ƙwarai, don haka tsofaffin na’urori da yawa ba sa ganinsa. Ni kuwa shi na zaɓa, wai don in na yi kuskure in gyara.

Laifi na biyu, ban rufe faifan ba. Kowane faifai yana da wani ɗan wuri a farkonsa, kusa da ramin tsakiya, inda ake rubuta jerin abin da ke ciki da inda kowane abu ya fara, tamkar shafin ƙunshiya a littafi. Manhajar da ake aikin da ita takan tambaya ko a rufe faifan ko a bar shi domin ƙari nan gaba. Na bar nawa a buɗe. Kwamfuta tana iya lalubo abin da ke cikin irin wannan faifai, amma na’urar gida sau da yawa ba ta da wannan dabara.

Laifi na uku shi ne mafi girma, wato sigar sautin. Kamfanonin Philips da Sony ne suka tsara ƙa’idar faifan sauti a 1980, aka fara sayar da shi a 1982. Bisa wannan ƙa’ida, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma faifai yana ɗaukar minti 74, daga baya aka sami mai minti 80. Duk na’urar da ke amsa sunan CD ta san wannan siga. MP3 kuwa matsattsen sauti ne da aka rage masa nauyi, kuma faifan da ke ɗauke da shi faifan ajiyar bayanai ne, sai na’urar da aka ƙera da sanin MP3 take iya buɗe shi. Ta ƙanena ba ta cikinsu. Minti 270 da nake da su faifai huɗu suke bukata a sigar asali. Rowar faifai uku ce ta ja mini abin da ya same ni.

Da muka zo kan hotuna sai na ga abin da ya shafi fannina kai tsaye. Na raɗa wa hotunan sunaye da kyakkyawar Hausa, irin su “Ƙofar gida” da “Ɗakin Inna”. Da yaron ya sa faifan a wata na’urar DVD da ke shagon, sai haruffan nan masu lanƙwasa suka fito a matsayin ’yan akwatuna, wasu sunayen kuma suka guntule. Dalili shi ne ƙa’idar ISO 9660 ta 1988, wadda ta tsara yadda ake jera bayanai a faifai, a matakinta na farko ba ta yarda suna ya wuce harafi takwas ba, kuma manyan haruffan Turanci da alƙaluma da ɗan layin ƙasa kaɗai ta sani. Kamfanin Microsoft ya fito da tsarin Joliet a 1995 wanda ya ba da damar dogayen sunaye da haruffan wasu harsuna, amma ba kowace na’urar gida ce ke bin sa ba. Haka kuma wasu hotunan sun ƙi buɗuwa, domin JPEG iri biyu ne: akwai na asali, akwai wanda ke bayyana a hankali daga dishi-dishi zuwa tangaran, kuma na’urori da yawa na farkon kaɗai suke karantawa.

Yaron ya sake aikin daga tushe. Ya ɗora sautin a faifan CD-R guda huɗu a sigar asali, ya raba kowace tatsuniya da kowace waƙa daban domin a iya tsallakawa zuwa wadda ake so. Ya rage gudun na’urar ɗorawa, ya ce gaggawa tana sa rubutun ya fita da rauni. Ya rufe kowane faifai. Hotunan kuma ya mayar da su VCD a tsarin PAL, wanda talabijin ɗin Nijeriya ke amfani da shi, ya kuma yi wani faifan na JPEG mai gajerun sunaye da lambobi domin masu DVD. Daga ƙarshe ya gwada su a na’ura uku mabambanta kafin ya miƙo mini. Sunayen Hausa da haruffansu cikakku a jikin takardar kwalin na rubuta su da hannuna.

Bayan mako uku na koma gida. Ba taro a wannan karo, daga ni sai Gwaggo sai ƙanena. Da muryar Inna ta fito, Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta saurara har faifan farko ya ƙare. Sannan ta share ido ta ce, “Ta mance baiti guda a waƙar niƙan nan, ni na koya mata ita.” Ta rera baitin, ni kuma na naɗa. Ta kuma gaya mini sunan wata mata da ake jin dariyarta daga nesa a cikin naɗin, wadda ni ban ma lura da ita ba. Gwaggo ta rasu a 2008.

Yau faifai ya ja baya, wayar hannu da memori sun maye gurbinsa, kwamfutoci da yawa ma ba a yin su da wurin sa shi. Ɗaya daga cikin faya-fayan nan huɗu ya daina tashi, domin sinadarin da ke jikin CD-R yana lalacewa da zafi da hasken rana da daɗewa. Abin da ya cece ni shi ne na ajiye kwafi a wurare daban-daban, kuma nakan sabunta su.

Ku da kuke shirin zama malamai, za a tura ku ƙauyuka ku tattaro adabin baka, za ku kuma shiga aji da kayan koyarwa na sauti da hoto. Na’urorinku sun bambanta da nawa, amma matsalar tana nan. Abin da ya yi aiki a wayarka ba lalle ne ya yi a na’urar makaranta ba. Ku zaɓi sigar da kowace na’ura ta sani, ko da ta fi cin wuri. Ku gwada a kan ainihin na’urar da za a yi amfani da ita, tun kafin ɗalibai su zauna. Ku rubuta sunan wanda kuka naɗa da garinsu da ranar naɗin. Kada kuma ku raina mai koya muku don ƙarancin shekarunsa ko na karatunsa, tambaya rabin ilimi ce. Tsofaffin da za ku naɗa ba za su jira ku har abada ba. Ni Allah ya ba ni mako uku na gyara kuskurena, ba kowa ne yake samun haka ba.