Gombe Biyu, Hanya Ɗaya

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Mun daɗe muna jin wannan karin magana a bakin manya, mun ma sha rubuta shi a takardun jarrabawa, amma ba mu san nauyinsa ba sai a kan hanyar da ta tashi daga Gombe ta nufi Dukku, ta tsallake kogin Gongola ta faɗa Darazo. A kan wannan hanya muka ci wani bashi da har yau ba mu gama biya ba, ga shi kuwa mai bin mu bashin ta riga mu gidan gaskiya.

Mu jikokin gida ɗaya ne a unguwar Jekadafari, mun tashi a hannun kakarmu wadda ta haifi ubanninmu. Kowa a gidan Dada yake ce mata, don haka muka ji 'ya'yanta suna kiranta. Bafulatana ce siririya, mai kaifin harshe, ba ta barin ta-kwana. Abin da ya fi ba mu dariya game da ita muna yara shi ne, duk tsawon zamanta a garin nan ba mu taɓa jin ta kira shi Gombe ba. Doma take cewa. In muka yi mata gyara sai ta harare mu ta ce, "Ku tafi can, mazajen banza. Gombe tana bakin kogi, can aka yanke mini cibiya. Nan Doma ce ta ari suna, ta hana mai shi." Ranar 1 ga Oktoba, 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke mana jiha daga Bauchi, gari ya ruɗe da murna, muka sheƙo gida muna ihun an ba Gombe jiha. Dada ta ɗago kai daga tsintar wake ta tambaye mu, "Wace Gomben?"

Sai da muka yi nisa a karatu muka gane ashe tsohuwar nan tarihi take karanta mana, mu kuwa muna ɗauka rigimar tsufa ce. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a bakin Gongola ya kafa cibiyar mulkinsa, wato garin da ake kira Gombe Abba, kuma a can kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1841. Turawa sun iso ƙasar a 1902, a zamanin Sarki Umaru. A 1913 suka ɗauke hedkwata suka mai da ita Nafada, inda jiragen ruwa kan iya hawowa da kaya in kogi ya cika. Ba a jima ba, a 1919, suka sake ɗauke ta suka kawo Doma, don ta fi zama a tsakiya, kuma ta fi kusa da ƙasashen Tangale da Waja da suke son sa wa ido. Sarki ya taso, fada ta biyo shi, sunan ma ya biyo fada. Tsohon gari ya tashi da laƙabin Abba kawai, kamar dattijon da 'ya'yansa suka raba gado yana raye.

Daga nan hanyoyi suka yi wa sabon gari gata. Aka kafa injin gurzar auduga a 1956, jirgin ƙasa ya iso a 1963, buhunan gyaɗa da dilolin auduga suka riƙa kwarara zuwa kudu. Duk wanda ya tsaya a tsakiyar garin yau zai ga manyan hanyoyi biyar sun watsu kamar yatsun hannu: ta Bauchi, da ta Yola wadda ta ratsa Kumo da Billiri da Kaltungo, da ta Biu wadda ta bi Dadin Kowa, da ta Potiskum wadda ta bi Bajoga, sai ta Dukku. Huɗu na farko suna kai mutum wasu garuruwa ne kurum. Ta biyar ɗin ita ce ke komawa da shi inda garin kansa ya fito, ko da yake ba kowane matafiyi ne ya san haka ba.

Mun san hanyar nan kamar yunwar cikinmu, domin a zamanin da muka gama sakandare babu jami'a a Gombe. Ta jiha sai a 2004 aka kafa ta. Saboda haka da yawanmu Kano muka nufa. Da asuba za mu hallara a Tashar Dukku, 'yan kamasho na ta kiran fasinja, a cusa mu cikin Fijo, mutum biyu a gaba ban da direba, buhun garin kwaki da galan ɗin man gyaɗa a bayan but. Da an fita gari sai gonakin dawa da gero su buɗe dama da hagu, a wuce Gadam, a wuce Bojude, garken shanu na tsallaka kwalta a natse kamar sun san sun riga ta zuwa wurin. Da damina ƙasar kan yi kore shar, ramukan hanya su cika da ruwa, direba ya riƙa kauce musu yana salati. Da rani kuwa sai ƙura da hazo, da jerin yara da jakuna ɗauke da jarkoki, domin ƙasar Dukku ruwanta na da nisa ƙwarai a ƙarƙashin ƙasa, rijiya ba ta cim masa da sauƙi, mutane sun daɗe suna dogara da tafkuna. Bayan tafiyar fiye da kilomita 70 sai a shiga Dukku, a tsaya shan fura da nono. Daga nan sai hanya ta gangara zuwa kogi, a ga rufin gidajen Gombe Abba, a hau gada, kafin ka ce kwabo an wuce. Sai Darazo, sai Birnin Kudu, sai Wudil, sai Kano.

To, duk ranar da za mu koma makaranta, in mun durƙusa sallama, Dada takan kama hannun babbanmu ta ce, "Maigidan, in kun isa gida ku sauka. Akwai tsamiya a ƙofar gidan ubana, a ƙarƙashinta aka yi mini kitson aure. Ku tsinko mini 'ya'yanta in dama kunu." Mu kuwa sai mu ce to, mu fita muna ƙunshe dariya. Wa zai sauka a tsakiyar hanya, ya bar kujerar da ya biya har Kano, don tsamiyar da ake sayarwa a kowace kasuwa? In mun dawo hutu, kafin ta amsa gaisuwarmu sai ta ce, "Kun sauka?" Yau mu ce direba ya ƙi tsayawa, gobe mu ce dare ya yi mana, jibi mu ce barci ya kwashe mu ba mu farka ba sai a Dukku. Ba ta taɓa yin fushi ba. Takan dai ce, "Allah Ya kai mu wani jiƙon."

Wata shekara, ana gab da azumi, muka ga uzuri ya ƙare mana. Muna sauka a tasha sai muka sayi tsamiya mai kyau, muka ƙulle ta a tsumma don kada ledar kasuwa ta tona mu, muka kai mata muka ce ga saƙonta daga Gombe Abba. Ta kwance ƙullin, ta daɗe tana kallo, ta ɓalli kaɗan ta sa a baka. Sa'an nan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Allah Ya yi muku albarka. Tana nan dai a tsaye ko?" Muka haɗa baki muka ce tana nan, har ta ƙara girma. Ta gyaɗa kai. Ranar farko ta azumi ta dama kunun da hannunta, ta raba wa kowa, mu ma muka sha, muna yaba wa junanmu dabara. Daga ranar ba ta sake aiken mu ba, mu kuwa muka ɗauka mun huta. Ba a yi damina biyu ba Allah Ya karɓi abinSa.

Shekaru suka shuɗe, kowa ya kama gabansa, amma hanyar ba ta rabu da mu ba. Ta nan muke zuwa ɗaurin aure, ta nan muke zuwa gaisuwar mutuwa. Ranar 22 ga Disamba, 2014, da bam ya tashi a Tashar Dukku ya hallaka bayin Allah, kowannenmu sai da ya yi shiru ya tuna sau nawa ya zauna a kan bencin tashar nan yana jiran mota ta cika. Wataƙila wannan ne ya tunatar da mu cewa matafiyi ba shi da tabbacin wani jiƙon. Da rani ya kama sosai, mu huɗu muka shirya muka hau hanya, ba Kano za mu ba, ba Darazo ba. Karo na farko a rayuwarmu muka ce Gombe Abba za mu.

Mun tarar da gari mai natsuwa, kogi ya janye ya bar farin yashi, masu lambu na ban ruwa a gefe. Muka ziyarci kabarin Modibbo Buba Yero muka yi addu'a. Daga nan muka shiga cigiyar gidan su Dada, aka haɗa mu da yaro ya kai mu wurin wani dattijo da ke zaune a kan buzu a zaure. Ya gaishe mu da Fillanci, muka amsa kalma biyu muka cije, ya yi murmushi ya juya Hausa. Da muka faɗi sunan kakarmu da na mahaifinta, sai ya riƙe baki, ya ce ai ɗan ƙanin ubanta ne shi. Muka ce, "Baba, tsamiyar ƙofar gida muka zo gani." Ya dube mu da mamaki ya ce, "Wace tsamiya, 'ya'yan nan? Ai iska ta kayar da ita tun ba a haife ku ba. Ita ma Yaya ta sani, don ni da bakina na gaya mata, lokacin da na je Doma gaisuwar rasuwar kakanku."

Babu wanda ya iya ɗaga ido ya dubi ɗan'uwansa a cikinmu. Ashe duk shekarun nan ta san babu tsamiya. Ashe ranar da muka ce mata tana nan har ta ƙara girma, ta san ƙarya muke shirga mata, amma ta sa mana albarka, ta dama kunu ta ba mu. Aiken da ta riƙa yi mana dabara ce ta tsofaffi: so take ƙafarmu ta taka ƙasar, mu yi tambaya, a nuna mana gida, dangi su san fuskokinmu mu san nasu. Da mun sauka sau ɗaya tak, da mun dawo mata da labarin faɗuwar itacen, wannan kuwa shi ne saƙon da take jira. Dattijon ya nuna mana gurbin da tsamiyar take, an ɗaure akuya a wurin. Ya kira 'ya'yansa da jikokinsa, aka yi ta faɗin sunaye, muka ga masu hancinmu da goshinmu cike da tsakar gida.

A kan hanyar dawowa muka riƙa tuna wata magana da Dada kan yi duk lokacin da famfo ya ɗauke, muka fita neman 'yan garuwa. Takan ce, "Kun baro kogi kun zo tudu kuna sayen ruwa." Gaskiyarta kuwa. Gongola ta taso daga tsaunukan Jos, ta bi ta Gombe Abba, ta yi kwana a wajen Nafada, ta gangara kudu har ta haɗu da Binuwai a Numan. Ta kewaye ƙasar kamar baka, sabon gari kuwa yana can tsakiya nesa da ita. Garin da ya bar kogi don ya zauna a mararrabar hanyoyi, daga baya sai da aka shimfiɗa bututu tun daga madatsar Dadin Kowa aka jawo masa ruwan wannan kogin dai. Jirgin ƙasan da aka yi taƙama da shi ma ya zo ya yi zamaninsa, tasharsa ta yi shekaru shiru. Hanya takan ɗaga gari, takan kuma juya masa baya, ba ta da amana ga kowa. Wanda ya ga yadda Gombe Abba ta koma wurin da ake leƙe ta tagar mota, bai kamata ya ɗauka tasa ɗaukakar an rubuta ta a kan dutse ba.

Ba muna cewa a mai da fada bakin kogi ba ne, abin da ya wuce ya wuce, kuma garin da muka tashi a ciki namu ne, muna alfahari da shi. Roƙonmu ga ɗalibai 'yan'uwanmu ƙarami ne. Kowannenku yana da hanyar da yake bi zuwa makaranta, kuma da wuya a rasa wani ƙauye a gefenta da wata tsohuwa a gida ke yawan ambata. Ku sauka tun tana da rai, ko da kujerar mota za ta tafi ta bar ku, wata motar na tafe. Mu dai yanzu ba ma wuce gadar nan ba mu tsaya ba, kuma mun fara kai 'ya'yanmu. Ƙaraminsu ya tambaye mu ran nan me ya sa gari biyu suke suna ɗaya, muka zaunar da shi a kan yashin Gongola muka fara ba shi labari tun daga Buba Yero.

Allah Ya jiƙan Dada, Ya yafe mana tsamiyar tasha, Ya kiyaye matafiya a kan wannan hanya da sauran hanyoyi baki ɗaya, amin.