Titin da Jirgin Ƙasa Ya Shata

Ƙaura Namoda ba ta taɓa samun titi mai gadar sama irin na Kano ba. Abin da muka taso muka tarar kwalta ce guda, ta baro Gusau, ta ratsa tsakiyar gari, sannan ta rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi Shinkafi har Isa da Sabon Birni, ɗayan ya bi ta Zurmi ya faɗa Jibiya. Wannan ɗan guntun da ke cikin gari shi ne duniyarmu muna yara.

Jirgin ƙasa ne ya shata shi. A 1929 layin dogo ya iso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya ja birki a Ƙaura, bai ƙara gaba ba. Turawa gyaɗa suke so da auduga da fatu, don haka duk hanyar da aka sara a ƙasar nan bakin tasha ta dosa. Kakanninmu da jakuna da raƙuma suka fara tattake ta, kafin manyan motoci masu bodin katako su karɓa.

Yammacin Laraba na fi kewa. Motoci sun yi jerin gwano za su ci kasuwar Shinkafi ta Alhamis, 'yan kamasho na kiran "Saura mutum ɗaya!", 'yan dako na ɗora buhuna, ƙamshin tsire ya gauraye da hayaƙin gas. Masu shayi ba sa tashi sai asuba, domin a lokacin direba kan kama hanyar Zurmi da tsakar dare, abin da yake tsoro bai wuce faci ko rami ba. Har yau in na ji hon ɗin babbar mota daga nesa, can zuciyata take komawa.

Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya cinikin, jirgi ya yi ta ja da baya har ya ɗauke ƙafa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 1983 ta kawo ɗalibai, titin ya sake numfashi.

Yanzu kuwa kafin direba ya tayar da mota sai ya tambayi mai fitowa, "Malam, hanya lafiya?" La'asar na yi tasha ta watse. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe saboda 'yan bindiga. Sabon layin dogon Kano zuwa Maraɗi ma ta Jibiya aka zana shi, ya bar Ƙaura a gefe, wannan kuwa yana min ciwo ƙwarai.