Hayaƙin Salansa da Ƙirjin Yayana

Kafin in shiga cikin abin da nake so in faɗa, ya kamata in sanar da mai karatu cewa ni ba injiniya ba ne, ba kuma ɗalibin tattalin arziki ba. Ɗalibin Hausa ne ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan maganar motoci marasa hayaƙi da kuɗin da Gwamnati ke kashewa a kansu shi ne, duk kwabon da aka biya mini a wannan jami'a daga bayan salansa ya fito, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, nauyin gida ya faɗo a kan yayana. Da acaɓa ya fara. Ina tuna yadda yake dawowa da almuru, idanunsa jawur, in ya fyace hanci sai ka ga baƙi kamar gindin tukunya, domin baburan wancan lokaci da yawansu haɗa musu fetur da baƙin mai ake yi, suna tafe suna turnuƙe gari. A watan Janairun 2013 Gwamnatin Kano ta hana acaɓa saboda matsalar tsaro, sai ya koma tuƙa Adaidaita Sahu ta wani Alhaji a unguwarmu, bisa sharaɗin kullum yamma zai kai masa balas, abin da ya saura nasa. Da wannan saura aka ciyar da mu, aka yi mini rajistar jarrabawa, har Allah ya kawo ni nan.

Wanda bai taɓa tsayawa a cunkoson Bata ko na Kantin Kwari da azahar ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Fasinja yakan toshe hanci na minti goma ya sauka. Direba kuwa a nan yake yini, daga asuba har isha, gabansa salansar tifa, gefensa ta tsohuwar bas, in hunturu ya zo hazo ya danne hayaƙin ya hana shi tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓacewar iska na kashe mutane kusan miliyan 7 a kowace shekara. Na karanta wannan adadi bai dame ni ba, sai ranar da na kwana ɗaki ɗaya da Yaya na ji yadda ƙirjinsa ke kuka kamar ƙyauren da ya rasa mai. Da Inna ta matsa masa ya je asibiti, likita ya ba shi magani, ya ce ya nisanci hayaƙi da ƙura. Yaya ya dawo yana dariya, ya ce mini, "Malam ƙarami, ka ji likita, wai kifi ya nisanci ruwa."

Ran 29 ga Mayu, 1923 ba ta shafe mu ba, amma ran 29 ga Mayu, 2023 ta shafi kowane gida, domin a ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Fasinjoji suka koma tafiya a ƙasa, balas kuwa bai ragu ba. A jawabinsa na ƙarshen Yulin 2023 Shugaban Ƙasa ya yi alkawarin kashe naira biliyan 100 don sayen bas-bas 3,000 masu aiki da iskar gas da ake kira CNG. Aka kafa shiri na musamman a ƙarƙashin fadarsa, aka ce ana so a juya injin motoci miliyan ɗaya zuwa gas kafin 2027, kuma masu motocin haya kyauta za a yi musu. A Maiduguri ma, a Disamban 2023, Gwamnatin Borno ta ƙaddamar da motocin haya 107, wasu na gas, wasu na lantarki.

Ni kam da na ji haka na yi murna ƙwarai. Na bincika na ga dabarar tana da tushe. Nijeriya tana da gas mai yawan gaske a ƙarƙashin ƙasa, har ƙona shi ake yi a banza a yankin Neja Delta. Injin da ke aiki da gas ba ya fitar da baƙin hayaƙi kamar na dizal ko tsohon injin fetur, kuɗinsa kuma ya yi ƙasa da na fetur nesa ba kusa ba. Watau ga sauƙin aljihu, ga sauƙin ƙirji. Na zo hutu da zumuɗi na zayyana wa Yaya duk wannan, har da lissafi a takarda. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya yi mini tambaya uku waɗanda har yau suna cikin kaina.

Ta farko, ya ce, "Babur ɗin na wa ne?" Na ce na Alhaji. Ya ce, "To, wa ke sayen mai?" Na ce kai. Ya ce, "Wa ke shaƙar hayaƙi?" Na yi shiru. Ashe da ya je inda ake rubuta sunaye, takardun babur aka tambaye shi, takardu kuwa suna hannun mai su. Da ya sami Alhaji da maganar, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, a taimaka a kai babur ɗin nan a sa masa tukunya," sai Alhaji ya ce shi ba zai bari a taɓa masa injin ba, kuma kwanakin da babur zai yi a gareji wa zai biya shi balas ɗinsu? Ban ga laifin Alhaji ba. Tsadar mai ba ta taɓa aljihunsa, hayaƙi ba ya shiga ɗakinsa. Wanda ke da iko ba shi da buƙata, wanda ke da buƙata ba shi da iko. A nan ne kuɗin Gwamnati suke tsayawa, kamar ruwan da aka sako a lambatu aka manta ba a buɗe kwalbati ba.

Ta biyu, ya ce, "In an sa tukunyar, ina zan sha?" A shekarar 2024 gidajen sayar da wannan gas a Arewa ba su taka kara sun karya ba, domin a manyan motoci ake ɗauko shi daga Kudu. Bututun da zai kawo shi daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna ya iso Kano, mai tsawon kilomita 614, tun 2020 aka fara shi, amma har ƙarshen 2024 bai iso ba. Direban da zai yi rabin yini a layi, ko ya ƙona mai zuwa bayan gari neman gas, ribar da aka yi masa alkawari ta tafi a hanya. Na ce to na lantarki fa? Ya tuna mini da Oktoban 2024, lokacin da galibin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki babu wuta. Ya ce, "Ranar da za ka kira ni ka ce kuɗin rajista, in ce maka ba a kawo wuta ba?"

Ta uku ita ce ta fi taɓa ni a matsayina na ɗalibin harshe. Ya ce, "Wannan gas ɗin, shi ne na girki?" Ba shi ba ne. Na girki ruwa-ruwa yake a cikin tukunyarsa, na mota kuwa iska ce da ake dannawa da ƙarfin da ya ninka na girki sau da yawa, don haka tukunyarsa ta musamman ce, ba wadda mai walda zai haɗa a bakin titi ba. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan gas a birnin Benin saboda irin wannan tukunya ta haɗe-haɗe, mutane suka ji munanan raunuka. Amma a wurin direbobinmu duka biyun suna ɗaya gare su, gas. An yi shela da haruffa uku na Turanci, ba a zauna an yi wa mai tuƙi bayani da harshen da yake mafarki da shi ba. Wannan aiki, 'yan'uwana ɗalibai da malamaina, namu ne, kuma ya kamata a ware masa kaso cikin kuɗin.

Kada mai karatu ya ɗauka ina sukar shirin ne. Ina goyon bayansa da dukan zuciyata, domin ƙirjin ɗan'uwana ne a kan faifai. Abin da nake roƙo shi ne a sauya ma'auni. A daina auna nasara da yawan bas-bas da aka jera aka yanka musu kyalle, a auna ta da yawan direbobin da suka daina tari. A fara da gidajen shan gas da wuraren cajin da ke aiki da hasken rana kafin a raba tukwane. A ba direba hanyar mallakar sabon babur da sunansa, yana biya a hankali da abin da dama yake kaiwa balas. A koyar da kanikawan unguwa, domin su ne likitocin injin talaka.

Na dawo makaranta da kuɗin rajistata a aljihu, tsofaffin takardun naira masu warin fetur. Yaya ne ya kawo ni har Kabuga, ya ƙi karɓar fasinja a hanya. Da zai juya sai tari ya sarƙe shi, ya ɗaga mini hannu alamar in shige, kada in tsaya. Na shige, amma ina jin tarin a bayana har na kai ƙofar aji. Allah ya kawo ranar da zai yini a titi ya dawo gida da farin hankici. Amin.