Shimfiɗar Tsakar Gida da Albashin Malami

Duk wanda ya yi damina a gidanmu ya san taɓon da ke tsakanin ƙofar ɗaki da madafa. A watan Agusta uwargida takan ɗauko tukunya tana takawa kamar mai ƙetare rafi. Ga kuma tsohuwarmu da ta dawo wurinmu da zama, ƙafa ba ƙarfi. In ta zame ta karye, kuɗin asibiti ya fi na siminti.

Iyayenmu mata sun san daɓe. A zuba tsakuwa, a yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, a taru da madaɓi ana bugu ana waƙa. Amma daɓe ya fi daɗewa a cikin ɗaki, a fili ruwa yakan cinye shi. Magini kuwa ya ce a malale filin duka da siminti, ya faɗi kuɗin da albashin malami ba ya ɗauka. Sai muka ce bari mu buga ƙananan bulo na shimfiɗa da hannunmu.

Kafinta ya yi mana akwatin katako huɗu, kowane santimita 30 tsawo da faɗi, zurfi santimita 5. Mukan shafe cikinsu da baƙin mai domin kada bulo ya manne. Awo kuwa bokiti ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ruwa kaɗan. Buhu ɗaya mai kilo 50 yakan ba mu bulo kamar 30. Kowane ƙarshen wata buhu ɗaya muke saya, gama siminti ba ya son ajiya, da ya sha danshi sai ya daskare. Yara ne ke shayar da bulon safe da yamma har kwana 7, a inuwa, an rufe da tsofaffin buhuna. Kada mai karatu ya raina wannan. Bulon da ya bushe da sauri a iskar hunturu ba ya ƙarko.

Aikin da ya fi cin jiki shi ne ƙasa. Muka kwashe ta sama, muka zuba jar ƙasa muka daddaɓe, muka karkata ta kaɗan wajen magudana domin kada ruwa ya kwanta a gindin bango, sauro ya sami wurin haihuwa. Sa'an nan yashi, sa'an nan bulo, aka share yashi cikin tsakaninsu. Bakin shimfiɗar kaɗai muka kama da siminti.

Ba mu rufe filin duka ba. Hanya muka yi daga ɗaki zuwa madafa da bayan gida, da wurin wanke-wanke. Uwargida ce ta hana a taɓa wurin turmi, ta ce daka zai farfasa bulon, ƙasa ce ta san nauyin taɓarya. Gindin darbejiya ma muka bar shi, saboda saiwa. Buhu biyar suka tafi, daga Nuwamba zuwa Maris. Akwatunan yanzu suna gidan maƙwabci na uku.